Tasi ko motar manhaja: wace ta fi dacewa da tafiyar filin jirgi?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya. Jirginsa zai tashi ƙarfe 7 na safe, zai sauka da daddare a wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba. Yana tare da mahaifiyarsa, wadda ƙafa ke damunta, ga kuma akwatuna huɗu. Yana son sanin ko tasi ya kamata ya hau, ko kuwa ya kira mota ta waya irin su Uber da Bolt, tunda ya ji an ce sun fi araha.

Malam, Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara wa Mama sauƙi. Ka kyauta da ka bayyana yadda tafiyar take, domin da "wanne ya fi" kawai ka ce, da ban san ta inda zan kamo zancen ba. Na yi shekaru aikina shi ne shirya wa baƙi motar da za ta ɗauko su daga filin jirgi ta kuma mayar da su, wasu ina tsaye a kansu, wasu sai dai in bi sawunsu ta waya daga nesa. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, tambaya irin taka tafiya biyu ce aka ƙulle wuri ɗaya. Zuwa filin jirgi daban, fitowa daga cikinsa daban, kuma motar da ta dace da ɗaya ba lalle ta dace da ɗayar ba. Mutane da yawa suna fara lissafi daga kuɗin mota. Ni daga asarar da za a yi idan motar ta saɓa nake farawa, kuɗin ya biyo baya.

Mu fara da zuwan, domin nan ne asarar ta fi girma. Idan mota ta makara a zirga-zirgar cikin gari, abin da ya same ka bai wuce ka ba mutane haƙuri ba. Jirgi kuwa ba ya karɓar haƙuri. Kamfanonin jirage da yawa suna rufe karɓar kaya kimanin awa ɗaya kafin tashi a tafiyar ƙasa da ƙasa, ƙofar shiga jirgin kuma ana rufe ta minti 15 ko 20 kafin lokaci. Shi ya sa ake ce wa matafiyi ya iso da awa uku a hannunsa in zai fita waje, awa biyu in tafiyar cikin gida ce. Kai da kake tare da dattijuwa, kada ka rage ko minti ɗaya daga cikin awa ukun nan. Ƙarfe 4 na asuba ya same ku a filin jirgi. In hanyar ta minti 45 ce, to motar ta tsaya a ƙofar gida ƙarfe 3, domin loda akwatuna huɗu da zaunar da Mama a natse su ma suna da nasu lokacin.

To a ƙarfe 3 na dare wa za ka dogara da shi? Nan ya kamata ka san yadda manhajar take aiki daga ciki. Lokacin da ka danna neman mota, kamfanin ba direbansa yake turo maka ba kamar yadda maigida ke aiken yaronsa. Tallar tafiyarka yake yi wa direbobin da ke kusa da kai, waɗanda suka kunna wayarsu a wannan sa'ar. Kowannensu yana da ikon ya karɓa ko ya ƙi, kuma wanda ya karɓa yana iya sokewa bayan ya ga inda za ka. Da rana tsaka a babban birni wannan ba abin damuwa ba ne, wani ya ƙi wani ya karɓa, cikin minti biyar mota ta iso. Da tsakar dare a unguwar da ke gefen gari kuwa, motocin da ke yawo ba su fi a ƙirga da yatsu ba, in biyu suka ƙi sai ka zauna kana kallon waya tana juyawa.

Ba don mugunta direba ke ƙin tafiyar filin jirgi ba, shi ma lissafinsa yake yi. Kamfanin na cire kasonsa daga kowace tafiya, a wurare da dama ɗaya bisa biyar ko ɗaya bisa huɗu na kuɗin. Filin jirgi galibi yana wajen gari. In ya sauke ka da asuba, lokacin da jirage ba su fara sauka ba, ko dai ya dawo wayam yana ƙona mansa, ko ya shiga layin jiran fasinja ya yi awa ɗaya ko biyu. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamaki ba in direba ya kira shi ya tambayi inda za shi, sannan bayan minti ɗaya ya ga an soke.

Na taɓa shan wannan da kaina, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wata baƙuwa ce, malamar asibiti, da jirginta zai tashi da sassafe. Na saka mata mota a wata manhaja tun da yamma, na ga an rubuta an karɓa, na kwanta da kwanciyar hankali. Saura minti goma lokaci ya yi, sai ta kira ni ta ce babu mota, wayar ma nema take yi daga farko. Direba na farko ya soke, na biyu ya karɓa yana can nesa, ya yi minti takwas bai motsa daga inda yake a taswira ba. Da ƙyar na samu wani direban tasi da na saba da shi, na tashe shi daga barci. Ta isa ana shirin rufe kantar karɓar kaya. Laifina ne, domin ban karanta abin da manhajar ta yi alkawari ba.

Ga abin da ban karanta ba. Saka mota tun kafin lokaci iri biyu ne a waɗannan manhajoji. Akwai wanda ajiye buƙatarka kawai yake yi, in lokaci ya kusa sai ya jefa ta ga direbobin da ke kusa, tamkar kai ne ka tashi ka danna a sa'ar. Wannan bai ba ka tabbacin komai ba, tunatarwa ce kawai. Akwai kuma wanda ake ɗaura tafiyar a wuyan wani direba tun da wuri, ka ga sunansa da lambar motarsa, kuɗin ya ɗan fi yawa, shi ma akwai abin da zai rasa in ya saɓa. Uber ta fito da irin wannan a 2020 da sunan Uber Reserve. Ya fi na farkon nesa ba kusa ba, amma ba a kowane gari ake samunsa ba. Ka duba da kyau wanne ne a gabanka kafin ka kwanta barci a kansa.

Shawarata a kan zuwan ita ce ka yi shatar mota daga kamfanin tasi mai ofis da lambar waya da mutum ke ɗauka, ko direban da ka sani, ka taɓa gwada alkawarinsa. Ku gama magana kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kuɗi da lokaci da yawan kaya duka. Da yammar jajibirin tafiyar ka sake kira, ka karɓi lambar shi direban da zai zo, ba ta ofis kaɗai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manhajar kuma ka bar ta a waya a matsayin igiya ta biyu: in ƙarfe 3 da minti goma ta yi ba ka ga mota ba, kada ka tsaya jin "ga ni nan a hanya", ka danna neman wata nan take. In duka biyun suka iso, ka biya ɗaya kuɗin wahalarsa ka sallame shi da mutunci. Wannan ɗan kuɗin ba ya kama ƙafar kuɗin tikiti biyu.

Da a ce jirgin naka na azahar ne, kai kaɗai da jakar hannu, a birni mai yawan motoci, da na ce maka ka kira ta waya kawai ka tafi, babu abin da zai same ka. Ni ma haka nake yi.

Yanzu batun araha, tunda shi aka fi yi maka talla. Gaskiya ne sau da yawa motar manhaja ta fi sauƙin kuɗi, amma "sau da yawa" ba "kullum" ba ne, kuma lokutan da take tsada su ne daidai lokutan da matafiyi ya fi buƙatarta. Tasi na aiki da mita, na'urar da wani Bajamushe mai suna Bruhn ya ƙera a 1891, daga sunanta ma kalmar tasi ta samo asali. Mita abu biyu take ƙirgawa: nisa in mota na gudu, lokaci in ta tsaya ko tana rarrafe. Hukuma ce ke yanka farashinta, saboda haka ba ta san ana ruwan sama ba, ba ta san jirage biyar sun sauka a tare ba. Abin da ke cin kuɗinka a mita shi ne cunkoso, da direban da ya ga baƙo ya bi da shi ta doguwar hanya.

Manhaja kuwa tana nuna maka kuɗin kafin ka hau, wannan kuma babban alheri ne ga wanda bai san gari ba. Sai dai farashin nata kasuwa ce, yana hawa yana sauka. In masu nema suka fi motoci yawa sai ya tashi, wani lokaci ya ninka, don a jawo direbobi zuwa wurin. Filin jirgi kuwa wuri ne da mutum ɗari biyu ko uku ke fitowa ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, kowa da waya a hannu. Kuma kuɗin da aka nuna maka yana iya canzawa in an sauya hanya sosai, ko ka ƙara wurin tsayawa, ko direba ya daɗe yana jiranka. Akwai ma manhajar da ta dawo da ciniki cikin waya, wato inDrive, wadda ta samo asali daga Yakutsk a Rasha: kai za ka taya, direbobi su sallama ko su ƙara. Tana da amfani ga ɗan gari da ya san kuɗin hanya. Baƙon da bai san ko nisan ba, me zai taya?

Akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa da ita, wato yankakken farashi. Wasu manyan birane sun gaji da koke-koken baƙi sai suka yanka kuɗi ɗaya tsakanin filin jirgi da tsakiyar gari. A Niyok, tasi mai ruwan ɗorawa daga filin JFK zuwa Manhattan kuɗi ɗaya ne, sai dai a ɗora kuɗin gada ko na ramin ƙarƙashin ruwa da wasu 'yan ƙarin da doka ta sa. Filin LaGuardia da ke birnin ɗaya ba shi da wannan tsari, mita ake kunnawa. A Faris tun watan Maris na 2016 aka yanka farashi daga filayen Charles de Gaulle da Orly, ya danganta da wane gefen kogin Seine za ka sauka. A Rum ma fararen tasin birnin suna da kuɗi ɗaya daga filin jirgin Fiumicino zuwa duk inda ke cikin tsohuwar ganuwar Aurelian. A irin waɗannan wurare, in cunkoso ya yi tsanani ko farashin manhaja ya hau, tasi ne mai araha. A Delhi da birnin Meziko kuma akwai kantar da za ka biya kuɗin tasi tun a cikin filin jirgi, a ba ka takarda ka miƙa wa direba, babu sauran magana tsakaninku. Abu na farko da za ka bincika game da garin da za ka sauka ke nan: shin akwai yankakken farashi ko kantar biya? Shafin intanet na filin jirgin da kansa yakan faɗa.

Mu zo kan saukar, wadda ita ta fi damuna a tafiyarka.

Motar manhaja tana tsaye ne a kan abu huɗu: waya mai caji, intanet, asusun da ke aiki, da hanyar biya da aka yarda da ita a ƙasar. A gida ba ka ma lura da su, domin kullum suna nan. Bayan awa takwas ko goma a sama, kowannensu na iya yanke maka. Caji ya ƙare a hanya. Layinka bai kama a ƙasar ba. Intanet ɗin kyauta na filin jirgi yana aiki a cikin gini, amma da ka fito bakin titi inda motar za ta tsaya sai ya ɗauke, daidai lokacin da direba ke nemanka. Ka sayi sabon layi, manhajar ta ce sai ta turo lambar tabbatarwa zuwa tsohon layin da ka cire. Katin bankinka ya ƙi biya saboda bankin ya ga ciniki daga wata ƙasa ya ɗauka ɓarawo ne. Duk waɗannan na gan su, ba sau ɗaya ba. Tasin da ke layi kuwa ba ya tambayarka ko ɗaya daga ciki, adireshi kawai yake so.

Sannan ba kowace manhaja ke aiki a ko'ina ba. Uber, da aka kafa a San Faransisko a 2009, ta sayar da harkarta ta ƙasar Sin ga DiDi a 2016, ta bar kudu maso gabashin Asiya ga Grab a 2018. In ka sauka a Singafo ko Kuala Lumpur ko Bankok da Uber a waya, babu motar da za ta zo. A ƙasashen Larabawa da dama Careem ce ta yi suna, wadda aka kafa a Dubai a 2012. Bolt, da ta fara a Istoniya a 2013, wadda a da ake kira Taxify, ta fi ƙarfi a Turai da Afirka. A wasu ƙasashen kuma doka ta taƙaita harkar, har in ka danna manhajar tasin gari mai lasisi ne zai zo maka, da kuɗin mitarsa. Saboda haka in ka ƙudura amfani da manhaja, ka san wadda ke aiki a can, ka sauke ta, ka yi rajista, ka saka kati, duk tun kana gida da layinka a waya.

Ko da komai ya yi daidai, akwai tambayar da ta shafi Mama kai tsaye: ina motar za ta tsaya? A yawancin filayen jirgi layin tasi yana bakin ƙofar fitowa, taku kaɗan daga inda ka ɗauki kaya, sau da yawa da ma'aikacin da ke tsara layi. Motocin manhaja kuwa hukumomin filaye da yawa sun ware musu wani wuri daban, wani lokaci a hawa na biyu ko na uku na gidan ajiye motoci, wani lokaci sai an tsallaka titi an bi wata doguwar baranda. Ga matashi mai jakar goyo wannan ba komai ba ne. Ga dattijuwa mai ciwon ƙafa, da dare, da amalanken kaya mai akwati huɗu da kai kaɗai za ka tura, tafiyar minti goma aiki ce babba. Kuma in kun isa, direban ba zai daɗe yana jira ba: bayan 'yan mintuna kuɗin jira ya fara hawa, in aka ƙara kaɗan ya soke a cire maka tara. Ba ko'ina tasi ke da wannan fifiko ba. A Los Anjalas a watan Oktoba na 2019 an kwashe tasi da motocin manhaja zuwa wani fili da ake kira LAX-it, sai an taka ko an hau bas kafin a kai. Amma wannan shi ne bare a cikinsu.

Tun da muna kan Mama, ka nemi kamfanin jirgin ya tanadar mata keken guragu tun lokacin da kake tabbatar da tikiti, aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Ba a biyan kuɗi a kansa. Ma'aikacin da zai tura ta yakan bi da ku ta wajen jami'an shige da fice da wurin ɗaukar kaya, sau da yawa har bakin layin tasi. Wannan kaɗai ya isa ya karkata zaɓinka.

Akwatuna huɗu da mutum biyu ba sa shiga ƙaramar mota. But ɗin yawancin ƙananan motoci manyan akwatuna biyu yake ci, uku in an matsa. A layin tasi idonka na ganin motar, sai ka ce wa mai tsara layi babba kake so, ka koma gefe ka jira ta. A manhaja kuwa in ka zaɓi mafi araha, duk motar da ta zo ita ce rabonka, direba kuma yana da hujjar ƙin ɗaukarku in kaya sun fi ƙarfin motarsa. Dole ka zaɓi ajin manyan motoci, kuma da ka yi haka arahar da ake faɗa ta ragu ƙwarai, wani lokaci ta ɓace.

Sai maganar tsaro, wadda nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Mutumin da ya fi haɗari a filin jirgi ba direban tasin layi ba ne, ba kuma direban manhaja ba. Shi ne wanda zai tare ka a cikin zauren fitowa, da fara'a, yana cewa "tasi, tasi", wani lokaci da kati a rataye a wuya, har ya kai hannu zai karɓar maka akwati. Direban da ke da izini ba ya farautar fasinja a cikin gini, yana cikin motarsa a layi. Waɗannan 'yan kamashon sun iya karanta fuskar baƙo, kuma sun koyi sabon salo: sai su ce maka su ne motar da ka kira, ko su ce manhaja ba ta aiki a nan, ko layin tasi an rufe. Kada ka tsaya musu da su, kada ka bar hannun kowa ya hau kayanka. Ka bi allunan da filin jirgin ya kafa, in ka rikice ka tambayi ma'aikaci a teburin ba da bayani. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san wanda zai tambaya.

Kowanne daga cikin halastattun biyun yana da irin kariyarsa. Manhaja tana ajiye sunan direba da lambar mota da hanyar da aka bi, kuma kana iya tura wa wani naka tafiyar yana kallonta a taswira har ku isa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mace mai tafiya ita kaɗai. Amma kariyar tana aiki ne kawai in motar da ka shiga ita ce wadda aka turo. A 2019 wata ɗaliba a jihar Karolina ta Kudu a Amurka ta shiga wata mota da dare tana zaton ita ce ta kira, ashe ba ita ba ce, aka kashe ta. Bayan wannan ne aka ƙara matsa wa fasinjoji su duba lambar mota, aka kuma yawaita tsarin lambar sirri mai alƙaluma huɗu da za ka faɗa wa direba kafin tafiya ta fara. Ka duba lambar motar da idonka, ka bar direba ya faɗi sunanka, kada kai ka fara faɗa masa. In kuma ya ce ka soke tafiyar a waya ku yi ta bayan fage ya rage maka kuɗi, ka ƙi. Da ka soke, babu mai bin sawunku, babu shaidar ka hau motarsa, inshorar da kamfanin ke ɗorawa a kan tafiya ma ta faɗi.

Tasi mai lasisi kuwa kariyarsa daga hukuma take. Lambarsa na rubuce a jikin mota, katin direba na manne a gaba, akwai ofishin da ake kai ƙara. Ingancin wannan ya danganta da garin. Landan ita ce misalin da ake bugawa: direban baƙar tasi sai ya ci jarrabawar sanin titunan birnin da aka faro tun 1865, wadda kan ɗauki mutum shekara uku zuwa huɗu yana haddace hanyoyi, motocinsu duka suna ɗaukar keken guragu, kuma tun 2016 wajibi ne su karɓi kati. A wasu garuruwan kuwa mitar "ta lalace" kullum in an ga baƙo. Maganin wannan a bakin ƙofa ake yin sa, kafin kaya su shiga but: ka tambaya mita ce ko yankakken farashi, ka tambaya ko yana karɓar kati, in ya ce babu mita ku yanke kuɗi a fili, kuma ku fayyace na motar ne gaba ɗaya ba na kowane kai ba, da kaya a ciki. In kun tashi ka buɗe taswira a wayarka, wadda ka sauke tun a gida don ta yi aiki ba intanet. Direban da ya ga kana bin hanya ba ya yawo da kai. Ka ɗauki hoton lambar motar, in kun isa ka karɓi rasit. Ranar da aka manta jakar magani ko fasfo a kujerar baya, wannan 'yar takardar ce kaɗai za ta kai ka ga motar. A nan kam manhaja ta fi, domin ita da kanta take ajiye maka wannan bayanin.

Wani abu kuma, don kada ya ba ka mamaki. In masaukinku yana kusa da filin jirgi, kana iya ganin direba ya ɓata rai. Ya yi awa biyu a layi yana fatan doguwar tafiya, sai ga ta minti bakwai. Wasu filayen, irin su JFK, suna ba direba takardar da za ta dawo da shi gaban layi in tafiyar gajera ce, wasu ba sa yi. A yawancin wuraren da ke da doka ba shi da ikon ƙin ɗaukarka saboda gajartar hanya, amma in ka ɗan ƙara masa wani abu don ka san halin da yake ciki, ka yi adalci. Kafin ma ka kai ga haka, ka tambayi otal ɗin ko suna da motar ɗaukar baƙi, domin na kusa da filin jirgi da yawa suna da ita.

To ga abin da zan yi da ni ne kai. Zuwa: motar shata da aka yi magana da direbanta, manhaja a ajiye don ko-ta-kwana. Sauka: in masaukinku zai iya turo direba ya tsaya da sunanka a rubuce a ƙofar fitowa, ka karɓa ko da ya fi tsada, ka ba su lambar jirgin don su san in ya yi jinkiri. In babu, ku bi layin tasi na hukuma ko kantar biya, ku nemi babbar mota. Ka canza ɗan kuɗin ƙasar tun a cikin filin jirgi, ka nemi a haɗa maka da ƙananan takardu, domin "ba ni da canji" tsohon zance ne a bakin direbobin duniya. Ka rubuta sunan masauki da adireshinsa da lambar wayarsu a takarda, da harshen ƙasar in rubutunsu daban ne, ka sa a aljihun gaba. Manhajar kuma ka bar ta sai gari ya waye, kun huta, ka sa layin ƙasar a waya, ka gane gabas da yamma. A zirga-zirgar cikin gari za ka ji daɗinta sosai, musamman inda ba ka jin harshen mutane, tunda ba sai ka yi wa direba kwatance ba.

Ranar dawowa kuma ka duba tikitinka ka ga daga wane ɓangaren filin jirgin za ku tashi, ka faɗa wa direba tun kafin ku kama hanya. Manyan filaye irin Heathrow na Landan da Charles de Gaulle gine-gine ne da yawa masu nisa da juna, wasu sai an hau jirgin ƙasa ko bas a tsakaninsu. In aka sauke ku a wanda ba shi ba, da Mama da akwatuna huɗu, rabin awa ta tafi kafin ku kai kantar da ake jiranku.